Babu maraya a gidan Yaya Zali

Daminar bana shekara goma ke nan da muka kai yayata Zaliha makwancinta a bayan garinmu, can ƙasar Buza, inda ake hangen duwatsun Allakaye. Duk gari Zali suke ce mata, ni kuwa Yaya, don ita ta goye ni. Na so in rubuta mata irin abin da ake rubuta wa mamaci, a yabi halinsa, a roƙa masa gafara, a tashi. Abin da idona ya gani makonni uku da suka wuce ne ya hana ni. Raina a ɓace yake, kuma gara in faɗa tun yanzu, rabin ɓacin ran da kaina nake yi.

Iska da ruwa sun rushe gidaje a wani gari kan hanyar Madawa, na je jaje, sai na tarar ranar rabon agaji ce. An jera yara a filin lakwal, wato makarantar boko, tun hantsi, kowane an rataya masa kwali a ƙirji, ana jiran motocin manya. Ba su iso ba sai bayan azahar. Aka yi jawabi, aka yi tafi, sannan aka jawo buhu ɗaya aka tsayar. Yaro ya zo ya dafa, a ɗauki hoto, a ture shi, na bayansa ya zo ya dafa buhun nan dai. Wayar salula mai ɗaukar hoto ta fi hannun taimako yawa a filin. Da kunnena na ji wani ƙato mai babbar riga yana ce wa wani ɗan shekara biyar ya daina murmushi, ai shi maraya ne. Na koma gindin itacen bedi na zauna, ba abin da nake gani sai fuskar Yaya.

Shekara takwas kafin rasuwarta irin wannan ta same mu. Da la'asar hadari ya taso daga gabas, iska ta fara kwashe rufin ɗakuna, ruwa ya biyo baya kamar da bakin ƙwarya. Kafin magariba unguwar gangare ta zama laka. Rumbuna suka zube, ɗan hatsin da ya rage ya jiƙe. Mutum biyu muka rasa, ƙanen mijin Yaya da matarsa, bango ya faɗa musu suna cikin ɗaki. Ɗiyarsu Habsu ta tsira don ba ta gidan. Kwana shida kafin nan an kawo ta yaye wurin Yaya, tana 'yar shekara biyu.

Wanda bai san yankinmu na Adar ba sai in yi masa bayani. A wurinmu, idan iyayen ƙaramin yaro suka rasu, wanda ya ɗauke shi ya zama ubansa ko uwarsa, magana ta ƙare. Ba mai furta kalmar nan ta maraya a gabansa, ko da wasa. Sai ya yi hankali, a zaɓi rana, babba ya zaunar da shi a ɗaki ya gaya masa a tsanake, ya nuna masa gonar ubansa. Habsu ta yi kukan nono na kwana biyu irin na kowane ɗan yaye, ta haƙura, ta ci gaba da kiran Yaya Inna kamar yadda ta ji sauran yaran gidan suna yi.

Waɗanda gidajensu suka rushe sun kwana a lakwal ranar farko. Washegari Yaya ta ɗaura ɗamara ta shiga gari gida gida. Ba ta iya roƙo ba, umarni kawai ta iya. Ta leƙa ta ga ɗakin da ake ajiye tarkace, ta ce a fitar da su, dangin wane na zuwa. Zauren maigari ma bai tsira ba. Ƙawarta Rifkatu, Kirista ce mai aikin wanki a asibitin mishan, ta zo da amalanken jaki cike da tabarmi da tukwanen da ta tattara a wurin abokan aikinta, ta sauke, ta sha ruwa, ta juya. Kwana uku ba a yi ba lakwal ta zama wayam, har mata sun share ta. Ita Yaya ta ɗauki wata tsohuwa da jikokinta biyu, ga nata biyar, ga Habsu, mijinta kuma yana cirani, shekarar nan bai samu dawowa noma ba.

Rana ta biyar motar agaji ta iso, ta tsaya a ƙofar lakwal. Shugaban masu agajin ya leƙa azuzuwa, ya tambayi ina waɗanda abin ya shafa. Maigari ya ce, da alfahari ma, ai duk an raba su gidaje. Mutumin ya duba takardarsa ya ce to, wanda ke da wurin kwana bai rasa matsuguni ba ke nan. Takardar gida biyu na cikewa gare ta, na waɗanda ke kwance a fili da na marayu. Wanda 'yan'uwansa suka rufa wa asiri ba shi da gurbi a ciki. Kafin la'asar na ga abin da ban taɓa zaton zan gani ba: magidanta suna kwasar tabarmin baƙinsu suna mayarwa lakwal, a zauna a yi zugum don a shiga rubutu.

Ni malamin lakwal ne a lokacin, don haka maigari ya haɗa ni da takardar, in bi gidaje in rubuta marayu. Da na shiga gidan Yaya na same ta tana gyaran ganyen tafasa, Habsu na goye a bayanta. Ta dubi takardar, ta dube ni.

"Mushe Illa, mi ka kawo muna?" In ta ce mini Mushe, yadda ake kiran malamin lakwal da Faransanci, to tsiya za ta yi mini.

Na yi ƙasa da murya na ce sunan yarinyar kawai zan sa, su samu buhun shinkafa da mai.

"Babu maraya gidanga," ta ce. "Wagga ɗiyata ta. In hatsi za su ba mu, su ƙirga bakunan da ka cin tuwo, su kawo. In ko sai na saida sunanta, su riƙe abinsu."

Na fita ina ƙunƙuni. Na ga tukunyar, ganye ne zalla da ɗan gari a bisa, ga baki goma. Ni ne mai ilimin gidanmu, na ce a raina, ita taurin kai ne kawai irin na wadda ba ta taɓa zama a aji ba. Takarda ce, wa zai karanta? A ƙofar gidan, na jingina da bango, na rubuta sunan Habsu da na ubanta. Da buhun ya fito na sa aka kai, na ce rabon kowane gida ne.

Ba ta yi kwana biyu ba ta gane, don maƙwabciyarta ba ta samu ba. Ba ta zo ta yi mini faɗa ba, da ta yi da na ji sauƙi. Ta dafa wa yara da tsohuwar shinkafar har ta ƙare, don ba ta yarda a wulaƙanta abinci ba, amma ita ko loma ɗaya ba ta kai bakinta ba. Da buhun ya ƙare ta wanke shi, ta shanya, ta ninke, ta kawo mini da kanta ta ajiye a gabana. "Ga kayanka," shi ne duk abin da ta ce. Yana nan cikin akwatina har yau.

Na ɗauka an wuce wurin. Ashe takarda ba ta mutuwa. Daga wannan ofis a kwafe ta a kai wancan, mai ba da agaji ya tafi, wani ya zo ya gaji sunayen. Bayan shekara biyar, ni an mayar da ni Keita, wata ƙungiya ta aiko da littattafan rubutu lakwal ɗin garinmu, na marayu. Sabon malami, baƙo ne, bai san komai ba, ya tsaya gaban aji ya ce wanda ya ji sunansa ya tashi. Ya kira Habsu. Ta ce masa an yi kuskure, ita Innarta na gida tana daka. Ya nuna mata takarda. Manyan yaran da suka san zancen suka sunkuyar da kai, ƙanana suka fashe da dariya. Yarinya 'yar shekara bakwai ta ruga gida da littafi a hannu tana tambaya wace ce uwarta.

Abin da ya kamata a gaya mata a ɗaki, da lallashi, bayan ta girma, Yaya ta gaya mata shi a tsakar gida da taɓarya a hannu. An ce yarinyar ta yi wata guda ba ta ce mata Inna ba, sai dai ta tsaya kusa da ita har a lura. Da na zo hutu na shiga gaishe ta, Yaya ta amsa mini kamar kullum, ta kawo hura. Sai da na tashi tafiya ta ce, "Illa, shinkahwar nan kwana goma sha biyu tay yi." Shekara uku bayan haka ciwon ciki ya ɗauke ta a asibitin mishan, Rifkatu na riƙe da hannunta. Na sha shirya kalmomin neman gafara, ban taɓa furta su ba.

To da za a tashe ta yau ta ga filin nan, me za ta ce? Ina jin ba masu hoton za ta fara zagi ba, mu za ta fara. Su baƙi ne, takardarsu suka sani. Mu ne muka koyi darasin har muka fi malaman. Yau hadari na wucewa, mutum na da ɗaki biyu babu kowa, ƙanensa na kwance a aji da mata da yara, sauro na cinsu, ya ce a bari tukuna a gama rubutu. Na ga wanda ya aro 'ya'yan maƙwabci ya jera. Na ga kawun da bai taɓa saya wa ɗan marigayi ƙanensa ko takalmi ba, amma ranar rabo shi ne a gaba, yana riƙe da hannunsa yana share hawaye. Kalmar da kakanninmu ke jin nauyin furtawa, yau ita ake rubutawa da manyan baƙaƙe a rataya wa yaro a wuya. Tir da wannan hali, kuma tir da ni, don a garinmu ni na fara.

Kada wani ya ce na ce a daina agaji. Na ga yunwa, na san abin da buhu ɗaya ke yi a gidan da rumbu ya faɗi, kuma cikin masu kawowa akwai 'ya'yan kirki da ke shan wahalar hanya saboda Allah. Abin da na kasa ganewa shi ne, duk shekarun nan, da digirorinsu da motocinsu, an rasa mai ƙara gida na uku a takardar: gidan da ya ɗauki mutane, baki nawa ke ci a cikinsa. Matar da ba ta san bihim ba ta faɗe shi tana gyaran tafasa. A kai kayan ƙofar gida, a sauke, a juya, kamar yadda Rifkatu ta yi. Sai dai wannan ba ya hoto, na sani.

Yaya ba ta bar dukiya ba. Ɗakinta ma ruwan wata shekara ya cinye shi. Har na fara tunanin halinta ya bi ta kabari, sai ga shi makon jiya na biya Tamaske, inda Habsu ke aure, don su ma iskar ta taɓa su. Shekararta ashirin yanzu, da ɗanta na goye. Tana girmama ni, tana ce mini Kawu, amma ta san wanda ya rubuta sunan, kuma ta san na san ta sani.

Na same ta tana dama hura. A gefenta wani yaro ne zaune, zai yi shekara uku, yana riƙe da gefen zanenta da hannu biyu. Ban san shi ba, kuma na san ba ita ta haife shi ba. Bakina ya riga hankalina, na ce wannan kuma ɗan wane ne?

Ta ajiye ludayi. Ta dube ni tun daga hula har takalmi, irin kallon nan da na sani tun ina yaro, ta tsaya a aljihun rigata.

"Kawu, da alƙalami ka taho?"

Na ce a'a.

"To zamna ka sha hura. Ɗana na."

Na zauna na sha. Yaron ya zo ya hau cinyata yana wasa da carbina, ta ce masa ya gai da kakansa. Na kwana biyu a garin, na zauna da mijinta, na zauna da maƙwabta, kowa ya san amsar, kuma da na tambaya da an gaya mini. Har na hau mota na dawo ban tambayi kowa ba. Allah ya jiƙan Yaya Zali, ya sa ta huta. Ni dai har yau ban san ɗan wane ne ba, ɗan Habsu ne.