Ranar da Goggo Filomena Ta Shiga Kogon Teku

Goggo Filomena ƙanwar babana ce. Shekara talatin da huɗu ta yi tana guga a ɗakin ƙasa na wani babban otal a Positano, garin bakin teku inda attajiran duniya ke zuwa su shimfiɗe a rana har su yi ja kamar gauta. Kullum da safe takan sauko daga Montepertuso, ƙauyenmu da ke saman dutse, ta taka matakala fiye da dubu, da yamma kuma ta sake hawa da ƙafarta. Gajeruwa ce mai kaurin damtse, wuyan hannunta duk tabon dutsen guga. Ba ta taɓa aure ba. In an tambaye ta sai ta ce ta goge wandunan maza da yawa, ta san abin da suke mantawa a aljihu.

Ba ta tsoron manaja, ba ta tsoron maciji a gonar lemo. Teku kaɗai take tsoro. Babu wanda ruwa ya taɓa ci a gidanmu, haka kawai Allah ya halicce ta. In tana saukowa, bango take kallo don kada ta hango ruwa.

Da ta yi ritaya, abokan aikinta suka ba ta kyautar tikitin yawon jirgin ruwa na mutum biyu, irin wanda baƙi ke shiga su zaga gaɓa su kalli gidaje da kogunan dutse. Ta so ta ɓoye tikitin ta ce ya ɓata, amma matan suka ce za su zo bakin ruwa su ɗaga mata hannu. Kunya ta fi ƙarfin tsoro. Ni ta ɗauka rakiya.

"Nunzia," ta ce mini a hanya, "in na mutu, kajina naki ne. Ban da zakaran, shi a yanka shi, mugu ne."

"Haba Goggo, jarirai ma ana shiga da su."

"Jarirai suna da hankali ne?"

Safiyar watan Satumba ce, ruwa kwance kamar an goge shi. Goggo ta zauna a tsakiyar jirgi cikin baƙar rigarta ta zuwa coci, carbi a hannu, ido a kan takalmanta. Mai bayani yana ta nuna wa baƙi gidajen masu kuɗi, ita ko kai ba ta ɗaga ba.

Wajen ƙarfe sha ɗaya muka isa bakin wani kogo. Babban jirgi ba ya shiga, sai an sauka cikin ƙananan kwale-kwale. Namu ne na ƙarshe. Matuƙinsa Aniello ne, wani tsoho ƙashi da rai wanda suka yi firamare tare da Goggo.

"Wa nake gani? Filomena a kan ruwa? Lallai duniya ta zo ƙarshe!"

"Rufe mini baki, mai kan kifi. Riƙe hannuna da kyau."

Mu uku ya ɗauka: ni, da Goggo, da wata baƙuwa doguwa mai faffaɗar hula da ba ta jin yarenmu. Bakin kogon bai kai tsayin tebur ba. Sai kowa ya kwanta rigingine, matuƙi ya kama wata sarƙa da aka kafa a jikin dutse ya ja kwale-kwalen ciki. Da muka kwanta Goggo ta runtse ido.

Ciki kuwa wani shuɗin haske ne ke tasowa daga ƙarƙashin ruwa, har fuskokinmu suka koma shuɗi. Baƙuwar tana ta ɗaukar hoto. Aniello ya fara waƙar da yake yi wa baƙi, sauran kwale-kwalen suna fita ɗaya bayan ɗaya. Goggo ma ta buɗe ido ɗaya.

Sai waƙar ta yanke a tsakiya.

Wata ƙara muka ji kamar an buga babbar ganga, kogon ya yi duhu, kwale-kwalen ya ɗaga sama sannan ya faɗo. Da hasken ya dawo na duba bakin kogon. Babu shi. Ruwa ya cika shi taf. Ya buɗe kaɗan, ya sake rufewa.

"Aniello, mene ne wannan?" in ji Goggo. Muryarta ta koma ta ƙaramar yarinya.

"Ba komai. Igiyar ruwa ce ta taso daga nesa. Yanzu za ta wuce."

Amma ya cire hularsa ya cusa a riga, kuma bai kalli kowa ba.

Ba ta wuce ba. Duk igiyar da ta shigo sai iska ta matse mana kunne, ruwa ya watso daga rufi, kwale-kwalen ya nufi bango. Aniello yana tokare dutse da filafilin tuƙi, yana haki. Wayoyinmu ba sa kamawa. Muna jin kiran mutanen waje can ƙasa-ƙasa, kamar daga cikin rijiya. Goggo ta yi amai a kan rigarta, carbin ya tsinke, 'ya'yansa suka warwatse cikin ruwan da ya fara taruwa a ƙafafunmu. Ni kuwa addu'ar da na sani tun ina yarinya ta ɓace mini.

Can sai baƙuwar ta kurma ihu ta miƙe tsaye, kwale-kwalen ya karkata har ya sha ruwa. Goggo ta cafko ƙugunta ta danne ta.

"Zauna, 'yar nan! Ki mutu a zaune kamar kowa!"

Matar ba ta ji ko kalma ɗaya ba, amma ta zauna, ta cusa kai a cinyar Goggo tana kuka.

Mun fi awa ɗaya a haka. Daga baya Aniello ya ce, "Filomena, ruwan ƙaruwa yake yi, in muka jira ba za mu fita ba. Bayan manyan igiyoyi akwai ɗan lafawa. Ni ina fama da bango, ke ki sa ido a bakin can, ki gaya mini in ya buɗe sosai."

"Ni? In kalle shi?"

"Idona ya mutu, 'yar'uwa. Nunzia kuma tana kwashe ruwa."

Haka ta zuba wa bakin kogon ido, tana ƙirga igiyoyin da ƙarfi. Da ta ce "Yanzu!" muka kwanta, Aniello ya ja sarƙa. Mun kai rabin hanya wata igiya ta tare mu, ta ɗaga kwale-kwalen ta haɗa shi da rufi. Na ji ƙarar itace, na ji ihun Aniello. Ruwa ya mayar da mu ciki. Hannunsa na dama ya matse tsakanin sarƙa da dutse, jini yana zuba.

"Ba zan iya ja da hannu ɗaya ba," ya ce a hankali.

Goggo ta dube shi, ta dubi ramin. Leɓɓanta sun yi fari fat.

"Maryamu Uwa, me na yi miki?" ta ce. Sannan ta ture kan baƙuwar, ta rarrafa zuwa gaba, ta kwanta kusa da shi.

A karo na biyu su biyu suka ja. Dutse ya wuce dab da hancina, ina jin warin gansakuka, Goggo tana ja tana kururuwa ba tsayawa. Sai rana ta dallare mana ido. Mutanen babban jirgi suka jefo igiya suka janyo mu.

A cikin jirgin baƙuwar ta rungume Goggo tana ta surutu. Da muka sauka Goggo ta durƙusa a kan tsakuwa, sai da mutum biyu suka ɗaga ta. Ranar a mota ta koma gida. Ta yi kwana goma ba ta fita ba, ko ƙarar ruwan famfo ta ji sai ta zabura.

Yatsu biyu na Aniello ba su ƙara lanƙwasuwa ba, dole ya bar tuƙi. Matarsa ta daɗe da rasuwa, ga shi ko tumatir ba ya iya yankawa. Goggo ta aika masa cewa ya riƙa hawowa ran Lahadi bayan coci. Yau shekara shida ke nan yana zuwa, ta dafa masa taliya da miyar kifi, su zauna a ƙarƙashin inabi suna musu. Shi ya ce ihunta har can tsibirin Capri an ji. Ita kuma ta ce ƙarya yake, shi ne ya fara kiran uwarsa.