Saƙon Darakta ga 'yarsa

Ina layin awon kaya a Ras Al Khor, nan Dubai, bayan azahar, Alhaji Sabo ya kira ni ya ce Darakta ya rasu. Abin da na fara cewa shi ne, "Kun tabbata?" Har yau ina jin kunyar tambayar nan, amma ku da kuka san shi kun san dalilina.

Sunansa Shamsul, mutumin Bangaladesh, shi ke kula da siton da muke tara kaya a Al Quoz kafin a loda kwantena. Ya rasu ya bar saƙo ga 'yarsa a wayata, shi ya sa nake wannan rubutu.

Kafin ya zo Dubai ya yi shekaru yana fitowa a finafinan ƙasarsu, kullum shi ne mugu, kuma kullum sai an kashe shi kafin a tashi. Ya ce akwai lokacin da matan kasuwa a Dhaka suka daina sayar masa da kifi, wai ya kashe uwar jarumi. In aiki ya lafa sai ya nuna mana yadda ake mutuwa, ta harsashi daban, ta guba daban. Ya dafe ƙirji, ya zube kan dilolin atamfa, ya kafe ido har sai wani ya tsorata. Ranar da ya rasu, da masu lodi suka same shi jingine da kwalaye, kai a sunkuye, tsayawa suka yi suna jiran ya tashi. Sabo ya ce wani har tafa masa ya yi.

Kalmar Hausa ɗaya ya iya sosai: "Sake." In shigowarka siton ba ta yi masa ba, sai ka koma waje. Wata rana Sabo ya zo da babban baƙo daga Kano, Darakta ya tare shi a ƙofa.

"Alhaji, ka shigo kamar wanda ya zo satar kayan kansa. Sake."

Sabo, da furfurarsa, ya fita ya dawo yana baza riga. Darakta ya dube shi daga sama har ƙasa, ya ce yanzu kuma ya yi yawa, ya rage shwaiya, wato kaɗan.

Ga tsimi. Ganyen shayi ɗaya sai ya sha shi sau uku, yana rataye shi a ƙusa ya bushe. Da na yi masa tsiya, ya ce a wani fim da ya taɓa ba da umarni, wanda ya jawo masa sunan Darakta, kwalekwale ɗaya gare shi, ya nutsar da shi sau uku, ba wanda ya yi ƙorafi. Na ce, "Baba, ai ba wanda ya kalla." Ya yi dariya har da tari. Sai daga baya na gane na taɓa inda bai kamata ba.

A ranar ya ba ni labarin. Fim ɗin kan masu fito ne a kogin garinsu, kuma gidan da matarsa ta gada ya sayar ya yi shi. Bai yi mako a silima ba aka cire. Ya taho nan neman aiki, matar ta rasu a ɗakin haya yana nan, 'yarsu Shirin ta daina ɗaukar wayarsa.

Tun daga lokacin, duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ya ce in riƙe masa wayata, don tasa ba ta ɗaukar hoto mai kyau. Ya taje gashi, ya ja kujera kusa da ƙofa inda haske yake, ya fara yi wa Shirin magana da yarensu. Wani lokacin ya yi nisa, wani lokacin yana ambaton sunanta sai ya tsaya. "Sake."

Na taɓa gajiya na ce, mutumin da ke mutuwa a ɗauka ɗaya, neman gafara ya gagare shi?

Ya ce, "Usman, waccan duk ƙarya ce, shi ya sa take da sauƙi. Yarinyar nan tun tana ƙarama take kallona. Ta san fuskata in ina wasa."

Ya sa mini lambarta da hannunsa, ya sa na yi alkawarin ba zan tura komai ba sai ya ce khalas, wato an gama.

A nan muka sallace shi, a nan aka binne shi. Allah Ya gafarta maka, Baba Shamsul, Ya yi maka rahama, Ya sanyaya zuciyar wadda ka bari.

Ɗauka tara ce a wayata. Ba na jin yarensu, ban san wacce ta fi kusa da abin da yake son faɗa ba. Bai ce khalas ba, ni kuma ban tura ba.