Madacin Janbako

Ranar da muka tsaya gindin madacin Janbako har yau ba ta bar raina ba. Lokacin ina malamar daji, ƙaramin muƙami, don sai da na aurar da 'ya sannan na zauna aji na koyi riƙon biro.

An kawo mana sabon shugaba daga Jos, inda ya yi aiki kan iccen fayin, wani baƙon icce mai miƙewa sambal. Ya bayyana mana cewa ƙaramin icce kaurinsa kusan ɗaya ne daga ƙasa har sama, babba kuwa gindi ne ƙato, sai ya tsuke da sauri. In aka auna manya da ƙanana gaɓa-gaɓa, za a fitar da lissafin da zai faɗi yawan katakon icce tun yana tsaye. Shi yake so ya yi wa madaci. Sai dai a ƙa'ida, kayar da icce ake yi a auna shi kwance.

Ƙanana mun samu a gandun gwamnati. Babba guda muke da shi, na Janbako, wanda mata ke hutawa a inuwarsa ranar kasuwa.

Na ce, "Ranka shi daɗe, wanga ba za a sare shi ba."

Ya ce, "Hajiya, ni ma ban so. Amma in babu babba, aikin rabi ne. Wa zai hau can da igiya?"

Na san wanda zai hau. Buba, makiyayin da na sha kamawa yana saran rassan madaci don shanunsa. Na aika aka kira shi, ya zo yana ɗari-ɗari.

"Inna, yau mi na yi? Ko adda ban riƙo ba."

"Yau da izinin gwamnati za ka hau. Ka faɗo kuwa, in kama ka da laifin ɓata mini aiki."

Ya yi dariya, ya tuɓe takalma. Yana hawa yana zagaya igiya a jikin iccen, ya ƙulla, ya sako, shugaba ya auna a ƙasa. Awo ya cika, madaci na tsaye.

Da ya sauko ya ji abin da aka so yi da farko, ya kaɗe hannu ya ce, "Ashe sarewa kuka so yi? To da mi zan ba shanu bana?"

A nan na gane mai cin icce da ransa ya fi mu tsoron faɗuwarsa. Da rani ya zagayo na sake kama Buba. Amma sai da na jira ya sauko, muka gaisa, na tambayi shanu.