Maɓallin Da Zinatu Ta Manta

Wata rana, a garin Funtuwa, wani dattijo mai suna Malam Ɗahiru ya faɗi a bakin garejinsa.

Shanyewar ɓarin jiki.

Allah ya yi da sauran kwana, ya tashi. Amma hannun dama ya mutu, magana kuma ta ɗauke. Yana ji, yana ganewa, idonsa tar a kan kowa. Sai dai in ya buɗe baki, iska ce kawai ke fita.

Wanda ya san Malam Ɗahiru ya san wannan ba ƙaramar jarrabawa ba ce. Tsohon makanike ne mai surutu da tsokana. Tun daga zaure ake jin dawowarsa.

Gidan ya yi tsit.

'Yar autarsa Zinatu tana aiki a Kaduna. Sana'arta rubuta 'yan ƙananan manhajoji da ke aiki a cikin shafin intanet, irin waɗanda ba sai ka sauke komai a waya ba. Ka buɗe shafi, ka taɓa, su amsa maka. Ta yi wa 'yan makaranta wasan lissafi, ta yi wa wani shago abin gwada launin fenti.

Ta ɗauki hutu ta dawo gida.

Ta ga yadda mahaifiyarta, Hajiya Balaraba, ke fama da canken abin da yake so. A kawo ruwa, ashe filo yake so. A gyara filo, ashe fanka ce ta dame shi. Ƙarshe ya rufe ido ya haƙura.

Zinatu ta ce a ranta, wannan kam aikina ne.

Ta baje kwamfutarta a kan tabarma a tsakar gida. Ta yi shafi guda, fari tas, da manyan maɓallai yadda yatsan hagu ba zai kuskure ba. Kowanne da hotonsa, in an taɓa murya ta faɗi abin da ake so.

Da farko in ka taɓa sau ɗaya sai ya yi magana sau biyu. Ta bi layukan umarnin har ta gano inda ta yi kuskure. Ta lura hannun Baba na rawa, sai ta sa maɓallin ya ƙi amsawa sai an ɗan danne shi. Ta naɗi muryarta ta saka.

Ya yi kyau. Ita kanta ta san ya yi kyau.

Ta buɗe shafin a babbar waya, ta durƙusa gaban gadonsa.

Ya duba. Ya daɗe yana dubawa.

Sai ya sa hannun hagu ya kife wayar, ya juya fuska bango.

Washegari ta ƙara girman hotunan. Ya kife.

Ta sauya launi. Ya kife.

Ta cire muryarta ta sa ta yayanta, ko kunyar muryar mace yake ji. Wannan karon ko kallo bai yi ba. Abincin ma ya fara turewa, kullum ƙara ramewa yake.

Hutunta kuma ya kusa ƙarewa.

Ta sami mahaifiyarta a madafa tana tankaɗe, ta zauna kusa da ita ido ya cika da hawaye.

"Mama, me na yi ba daidai ba?"

"Me da me kika sa masa a ciki?"

"Ruwa. Abinci. Banɗaki. Ina jin ciwo. A juya ni."

Hajiya ta ajiye rariya.

"Duka 'a ba ni' ne da 'a yi mini' ke nan, Auta. Tun da na auri Malam ban taɓa jin ya shigo gidan nan ya fara da roƙo ba. Ina 'kun ci abinci'?"

Sai a lokacin Zinatu ta gane.

Ta yi wa majinyaci manhaja. Ta manta mahaifinta ne a kwance.

Nan take ta ɗauko wayarta. Malam Ɗahiru bai taɓa son rubutu a waya ba, saƙon murya yake turo mata, dogaye, wani lokacin tana tsaki kafin ta saurara. Ba ta taɓa goge ko ɗaya ba.

Ta zauna ƙarƙashin bishiyar mangwaro tana ji tana yanko kalamansa don sababbin maɓallai, tana kuka tana dariya.

Tsofaffin maɓallan ta mayar da su ƙasa. Sababbin ta jera a sama.

Bayan la'asar ta sake durƙusawa gabansa. Ta danna na farko da kanta.

"Auta, kin ci abinci kuwa?"

Muryarsa ce. Da kaurinta, da ƙarar guduma a bayanta daga gareji.

Malam Ɗahiru ya zabura. Ya jawo wayar jikinsa ya danna da kansa, yana kallon 'yarsa cikin ido.

"Auta, kin ci abinci kuwa?"

Ta ce, "Ban ci ba, Baba. Kai nake jira."

Ranar ya ci tuwo.

Daga nan gida ya dawo da hayaniya. Jikoki na guje-guje, sai a ji daga ɗaki, "Kai, wa ya bar famfon nan a buɗe?" Ko an rufe famfon, sai ya danna. Abokansa suka zo dubiya, ya tarbe su da "Lale marhabin da manyan gari!" har wani tsoho ya cire hula yana share ido da ita. Maɓallin "Allah ya yi muku albarka" kuwa, gilashin wurin har ya yi maiƙo.

Da ya ga ana sake jin maganarsa a gidan, sai ya fara danna na ruwa da na ciwo ba tare da ya sunkuyar da kai ba.

Ranar da Zinatu za ta koma Kaduna, Hajiya ta kawo masa miyar kuɓewa. Ya ɗanɗana. Ya kalli 'yarsa ta gefen ido, ya lalubi wani ɗan maɓalli a kusurwa wanda su biyu kaɗai suka san da shi. Daga ƙarshen wani tsohon saƙo ta tsinto shi, ranar da ya manta bai kashe naɗin ba.

"Hajiya, yau ma gishirin nan ya so ya yi yawa."

Hajiya Balaraba ta tsaya da ludayi a hannu.

Ta fashe da dariya, dariyar ta koma kuka.

"Malam, ka yi ta faɗa. Wallahi gobe ma sai na ƙara."

Darasi:

Mara lafiya ba tarin buƙatu ba ne. Mutumin da ka sani yana nan ciki, yana son ya tambayi lafiyarka, ya yi maka faɗa, ya tsokane ka, ya sa maka albarka.

In za ka taimaki wani, da fasaha ko da hannunka, kada ka tsaya a kan abin da zai karɓa. Bar masa hanyar da shi ma zai bayar.

Kuma saƙonnin muryar iyayenku, don Allah ku daina gogewa.

Tura wannan ga wanda ka san yana jinyar uwa ko uba. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya.