Yaren da Ya Rage wa Kaka

Jiya a kasuwar Birnin Gwari na ji wata mai doya tana faɗa da yaren Gbagyi, sai na tsaya ina saurare. Muryar kakata ce sak.

Tun da aka auro ta daga ƙauyen Kuyello, Hausa take yi. Da hawan jini ya shanye mata ɓarin jiki, Hausar ta tafi gaba ɗaya, yaren ƙuruciyarta kaɗai ya rage. A gidanmu ba mai jin sa, hanyar danginta kuma 'yan bindiga sun tare.

Kullum in ina shafa mata man kaɗe, sai ta damƙe wuyan hannuna da hannunta mai lafiya, ta yi ta nanata magana ɗaya. Na ɗauka ciwo take faɗa.

Wata rana mai kawo mana gawayi ta ji ta. Ta sauke kayanta daga kafaɗa, ta ce, "Yarinya, ba ciwo take faɗa ba. Cewa take kin rame, wai kina cin abinci kuwa?"

Ina ci, Kaka. Allah Ya ciyar da ke a Aljanna, Ya haɗa mu inda ba a neman tafinta.