Farin Zare a Gefen Jirgi

Kafin gari ya rikice ina da ɗan shagon hoto a unguwar Kilomita Biyar, ba nisa da Masallacin Koudoukou. Kai, an sha daɗi a shagon nan! Matan unguwar Miskine su shigo mu yi ta tsokanar juna da Sango, yaren ƙasar. In an yi musu rasuwa su kawo hoton mamacin, in zagaye shi da farin haske, a buga a rigunan zaman makoki. Innata tana bakin ƙofa tana suyar ƙosai, duk aikin a idonta ake yi.

Ni kuwa jirgin sama ne ciwona. Da na ji ƙararsa sai in haye rufi da kyamara, in bar mai hoton fasfo zaune da murmushinsa. Na san ƙa'idar aikin sarai: jirgi a kan sarari mai haske ba ya son a matsa masa. Ka cika ƙara kaifi a kwamfuta, sai wani farin zare ya bi gefensa ya zagaye shi. Na sha yi wa abokan sana'a dariya a kan haka.

Da aka fara kwashe mutanenmu a jirage ana fitar da su daga ƙasar, Yayata ta samu wuri ita da 'ya'yanta uku. Inna ta ce ita ba inda za ta. Rakiya filin jirgi kuwa ba ta yiwuwa, hanyar ba ta biyuwa.

"To ɗauko min su a hoto in sun tashi," in ji Inna.

Yaya ta bugo ta ce sun shiga. Na haye rufi na ɗauka a gaggauce, hoton ya fito dishi-dishi. Haushi ya kama ni. So nake Inna ta ga tagogi ko da ɗaya ce, na yi ta ƙara kaifi, in duba, in ƙara. Don tsabar wauta na ajiye gyararren a kan na asali, na goge katin kyamara.

Kwana uku ke nan wayar Yaya ba ta shiga lokacin da na miƙa wa Inna hoton. Ta dube shi, ta ajiye matsamin ƙosai.

"Wa ya gaya maka?"

"Me fa, Inna?"

"Ka sa musu farin matattu."

Innalillahi! Na rantse, na yi bayanin kwamfuta da Hausa, na maimaita da Sango. Ko kallona ba ta yi ba. Ta ce in cire. Na koma na yi ta fama, zaren ya ragu amma bai fita ba. Wallahi ban taɓa jin kunyar sana'ata irin ta ranar ba.

Sai ta aika aka sayo reza. Ta ɗora hoton a kan faranti, tana bin gefen jirgin a hankali tana salati. Idonta ba ƙarfi, ta haɗa da rabin fiffike.

"Inna, kin yanke fiffike."

"Rufe min baki. Kai da idonka me ka tsinana?"

A kwana na tara Yaya ta bugo daga sansanin da aka sauke su, kowa lafiya. Inna ta ce rezarta ce ta yi aiki, ban musa mata ba. Har Allah ya karɓi ranta ba su sake haɗuwa da Yaya ba. In jikokin sun bugo waya, wannan guntun jirgin take ɗorawa a cinya tana kallo har su gama magana.