Makirufon da Ya Ji Raɗar Kawu

Shekara ashirin ke nan da aka kai Kawu Ɗanlami makwancinsa a bayan ƙauyenmu, kusa da Tsanyawa. Ni kuma bana na cika hamsin, kusan shekarun da yake da su ranar da na jawo masa abin da ya bi shi har kabari. Abin da ya tayar mini da maganar ƙarami ne. Makon jiya aka ajiye mini makirufo iri biyu a wurin aiki, aka ce in zaɓi wanda za a kafa a mumbarin zauren taro. Ina taɓa su na tuna da Kawu.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, kuma shi ne sankiran dagacinmu. A al'adarmu dagaci ba ya ɗaga murya a bainar jama'a. Yakan yi magana ƙasa-ƙasa ta cikin amawali, wato gefen rawanin da ke rufe baki, sankira ya sunkuya ya saurara, sannan ya miƙe ya isar. Amma sunkuyawar nan tana da wani aiki da ba a faɗa. A nan ne sankira ke raɗa wa maigidansa abin da talakawa ke cewa a gindin bishiya, a nan ake janye magana tun ba ta fito ba. Shekara talatin Kawu yana wannan aiki, ba a taɓa jin abin da ya shiga tsakaninsu ba.

Ana saura 'yan shekaru Turawa su tafi, aka auna hanyar mota da za ta ratsa gonakinmu. Mu kuwa ba mu da daji. Gona tana jingine da gona, layin gamba ko na lalle ne kaɗai iyaka, ko taki ɗaya ka matsa ka shiga abincin wani. Di'o, Baturen da ke kula da gundumarmu, ya aiko cewa zai zo tare da hakimi, kuma yana so jama'a su ji amincewa daga bakin dagaci kansa, ba ta bakin kowa ba. Ina malamin elementare a lokacin, ni kaɗai ne ɗan boko a garin, don haka ni aka tura Birni aro kayan lasifika.

Malam Garba, mai kula da kayan majigi, ya fito mini da guda biyu.

"Wannan mai kama da tocila sai ka kai shi bakin mutum kafin ya ji," in ji shi. "Yana da maɓalli, kana saki ya yi shiru. Wancan mai ƙafa kuwa, ɗan boko, ya fi tsohuwa kunnen gulma. Ko tari aka yi a gefensa sai ya kai kasuwa."

"Mai ƙafar nake so," na ce. "Ba zan tura wa dagaci ƙarfe a baki ba, balle in sa ya sauke amawali a gaban Bature."

"To, ka dai gaya wa masu tsayawa kusa da shi."

Ban gaya wa kowa ba. Shekaru da yawa ina faɗa wa kaina cewa mutuncin dagaci na kare. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ke nan ba. Ina so Di'o ya ga malamin ƙauye ya iya kayan zamani, kuma a raina na riga na gama cewa ranar nan ba a bukatar Kawu. Wanda ba a bukata, me za a gaya masa?

Da hantsi aka taru a filin kasuwa. Na kafa makirufon a kan tebur gaban dagaci, na rataye lasifikar a reshen tsamiya. Kawu ya zo ya tsaya inda ya saba tsayawa. Dagaci ya fara: "Jama'ar wannan gari sun yarda..." Muryarsa ta cika filin, abin da ba a taɓa ji ba. Sai Kawu ya sunkuya, kamar yadda ya yi sau dubu, ya yi raɗa.

"Ranka ya daɗe, ba su yarda ba, kai ma ka sani. Gonar Inna Hassu kaɗai marayunta ke ci."

Raɗar ta fito daga tsamiya tar-tar, har matan da ke leƙe ta saman danga suka ji. Can wani daga baya ya ce, "Allah ya biya Sankira!" Di'o, wanda yake jin Hausa sarai, ya buɗe littafinsa ya yi rubutu. Hakimi ya kafa wa dagaci ido. Kawu ya dubi ƙarfen, sannan ya dube ni.

An sake awo, hanyar ta karkata ta bar gonakin. An kira dagaci aka ci masa mutunci, saura ƙiris a cire masa rawani. Bai sake yi wa Kawu magana ba, sai dai ya aika aka karɓo rigar da ya taɓa ba shi. Mutanen gari suka riƙa yabon Kawu, shi kuma kowane yabo ƙuna ne a gare shi, domin a ganinsa ya tona asirin mutumin da ya amince masa. Bai sake ɗaga murya a taro ba, ko a wurin suna.

Bayan kwanaki na same shi yana saƙar zana, na fara ɗora wa na'ura laifi.

"Malami," ya ce, bai ɗago ba, "ƙarfe aikinsa ji, ya kuwa ji. Ka je har Birni ka tambayi mai kaya. Ni da na shekara talatin a gefen mutumin nan, sau biyu ka wuce ta ƙofata ba ka tambaye ni ba."

Daga baya na tafi jami'a, ina can ya rasu, ban nemi gafararsa ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Ba taron da babu lasifika. Manya suna magana kai tsaye da ƙarfin da ya fi na sankira goma, amma ban ga mai sunkuyawa ya ce musu "ba su yarda ba" kafin maganar ta fita. Abokaina na jami'a sukan ce makirufon nan alheri ya yi, tunda ya fitar da gaskiya. Ba na iya musu, domin jikokin Inna Hassu suna noma gonar har yanzu. Sai dai gaskiyar ta Kawu ce, ya ajiye ta don kunne ɗaya, ni na ƙwace ta na watsa ba da saninsa ba. Ban san yadda ake auna gona da mutuncin mutum ba, kuma ba nawa mutuncin ne ya zube ba.

Inda hanyar ta karkata, direbobin ƙananan bas suna kiransa Kwanar Sankira, yawancinsu ba su san dalili ba. Abin da ya rage masa a duniya ke nan: sunan yabo a kan abin da ya mutu yana jin kunyarsa. Makon jiya na zaɓi mai dogon wuya, wanda ba ya ji sai abin da ke gabansa, mai maɓallin kashewa. Kafin in sa hannu, na kira dattijon masinjan da ke tsayawa a gefen mumbari, na tambaye shi wanne yake ganin ya dace. Ya yi mamaki ƙwarai. Tambayar da Kawu ya jira ke nan, na kai ta ƙofar wani.

Allah ya jiƙan Kawu Ɗanlami, ya sa ya yafe mini.